Ranar da Kaka ta Shanya Takardun Hoto

Makon jiya na buɗe akwatin tufafina bayan an kwana biyu ana marka, sai warin funfuna ya bugi hancina. Kafin in ankara ina tsaye ni kaɗai ina ƙyaƙyata dariya kamar taɓaɓɓe. Kakarmu na tuna, Allah ya jiƙanta, da irin ta'asar da ta yi wa Baffa.

Baffa ƙanin mahaifinmu ne, shi ne kuma mai hoton unguwarmu a Karaye. A Kano ya koyi aikin, ya dawo da na'urarsa, ya mai da wani ɗan ɗaki kusa da zaure wurin wanke hoto. Ya toshe taga da buhu, ya cusa tsumma a kowace kafa. In ya shiga ya kulle, ko tari ka yi a bakin ƙofar sai ya ce ka ɓata masa aiki. Sauran masu hoto sai sun aika fim birni a yi ta jira, shi kuwa a gida yake fitar da mai kala, kuma da wannan yake taƙama.

Lokacin da na yi wayo sana'ar ta fara tangal-tangal. Kyamarar da ba ta cin fim ta shigo, shagunan Kano masu sayar da takardar wanke hoto mai kala suka riƙa rufewa, wasu suka koma sayar da waya. Baffa yakan wuni yana zagaye birni ya dawo hannu rabbana. A tafiyarsa ta ƙarshe ya samo kwali guda, mai shagon ya ce masa daga wannan babu wani. Ita takardar nan ba ta shiri da haske, ba ta shiri da zafi, shi ya sa take zuwa a cikin baƙar leda mai kauri. Gidanmu ba firiji, sai Baffa ya nemi inda ya fi ko'ina sanyi ya ɓoye kwalin, wato bayan randar Kaka, inda yashi kullum yake a jiƙe. Bai kuma gaya mata ba.

Kaka ba ta taɓa yarda an ɗauke ta hoto ba. Cewa take, mutum da ransa a manna shi a bango kamar ƙadangare? Amma tana da ƙanwa a Rogo, muna ce mata Kakar Rogo, kuma sun yi shekaru ba su sa juna a ido ba. Ba wani faɗa aka yi ba. Kaka ta ce ita ce babba, ita za a zo wa. Kakar Rogo ta ce gwiwarta ba ta son mota. Sai dai gaisuwa ta bakin direba ranar kasuwa, kowacce tana cin magani a garinta, alhali ko yaro ya san kewar juna ke cin su.

Rannan direban ya kawo saƙo: hoton Kakar Rogo ne mai kala, ta hakimce a kujera, ta yaye leɓe don haƙorin Makka ya fito. Kaka ta daɗe tana juya shi. Can ta ce, "Wato nuna min take. Ku kira min Baffanku."

Ka ga shiri! An ƙunsa lalle, an ja tozali, an fito da murjani da zanen da yake ƙasan adaka tun kafin a haifi mahaifina. Ni aka zaunar a gefenta, don a wasan jika da kaka ni ne angonta. Baffa ya ɗauka, ya yi alkawarin wankewa kafin kasuwa ta zagayo. Kaka kuwa ba ta jira ba, ta aika wa ƙanwarta cewa ta shirya ganin hoto na gaske.

Damina ce ta yi nisa. In aka jera kwanaki ana ruwa, ranar da rana ta leƙo gidanmu kaf yakan koma wajen shanya. Katifu, tabarmi, kuɓewa, barkono, duk abin da hannun Kaka ya kai sai ya sha rana. Ran nan Baffa ya tafi ɗaukar hoton suna a Kafin Dafga. Na dawo daga makaranta na tarar da tsakar gida fari fat. Takardun Baffa ne a jere reras a kan tabarma, kowacce an danne ta da ɗan dutse, Kaka na gefe da kara tana korar kaji.

Da Baffa ya shigo, kekensa ya saki ya faɗi can. Ya nufi tabarmar da gudu.

"Inna, me kika yi?"

"Sannu za ka ce min. Da ban gani ba da tuni sun ruɓe."

"Inna, haske kashe su yake!"

"Kai tafi can! Ranar da take busar da gero ce za ta kashe takarda?"

Wallahi ban taɓa ganin ƙato ya durƙusa a gaban tabarma yana salati kamar an yi rasuwa ba sai ranar. Na ji tausayinsa, amma dariya ta fi ƙarfina, sai da na shige bayan rumbu.

Allah ya taimaka guda ɗaya ta manne a cikin ledar saboda danshi. A al'ada sai Baffa ya ɓata 'yan gutsattsari yana gwaji kafin kala ta daidaita. Yanzu ba abin gwaji, sai ya yi bismilla ya shige ɗakin. Abin da ya fito da shi, mu ne dai, ba musu. Sai dai komai ya koma ruwan ɗorawa: fuskar Kaka, farin idonta, lallenta, har ni angon.

"Ni ce wannan ko kabewa?" in ji Kaka.

Ta rantse ba za a kai ba. Da kasuwa ta zo ta tuna cika bakin da ta yi, sai ta miƙa wa direba, ta ce a gaya wa mutanen Rogo haka ake yayi yanzu a Kano.

Washegari da hantsi babur ya tsaya a ƙofar gida. Kakar Rogo ce, mai ciwon gwiwar nan, ta faɗo tsakar gida ko sallama ba ta ƙarasa ba, da ƙunshin saiwoyi a ka, hawaye shaɓe-shaɓe.

"Yaya! Ashe shawara ce ta cinye ki haka, ba wanda ya gaya min? Har yaron ya ɗauka!"

Kaka tana tsaye ne da taɓarya a hannu, garau da ita. Ta dubi ƙanwarta, ta dubi ƙunshin. Sai ta jingine taɓaryar a hankali, ta lallaɓa kan tabarma ta kwanta, ta fara nishi.

Kakar Rogo ba ta koma ba sai da aka cire gyaɗa. Kullum da safe ta jiƙa saiwoyin nan masu ɗacin tsiya, Kaka ta kurɓa kaɗan ta ce a ba angonta ragowar, ni kuma a matse ni in shanye. Da yamma ka ji su a gindin bishiya suna musu a kan wadda ta fi kyau a zamanin 'yanmatanci. Wannan ne zamansu na ƙarshe tare.

Baffa bai ƙara wanke mai kala ba, ɗakin nan yanzu buhunan gyaɗa ne a ciki. Jikokin Kakar Rogo kuwa kusan kullum sai sun turo min hotuna a waya, kowa fes, kala ta zauna daram, ba mai alamar ko mura. Nakan duba in ce masha Allah in ajiye wayar. Rabona da Rogo har na manta.