Rayuwar Malama Hannu-baya da Ɗalibin da Ta Kayar

Haihuwa da karatu

An haifi marigayiya a shekarar 1958, a wani gari da ke bakin hanyar jirgin ƙasa, cikin gidan haya mai ɗaki biyu a bayan kasuwa. Mahaifinta tela ne, mahaifiyarta kuwa ungozoma. Ta shiga firamare a 1965, kuma tana aji biyar ne ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama mahaifinta, inda mutanen gida, saboda tsabar ƙauna, suka hana shi ɗaga ko da kofin ruwa, har ya koma ga Mahaliccinsa bai sake zura zare a allura ba. Wannan al'amari bai taɓa barin zuciyarta ba. A 1977 ta shiga makarantar koyon aikin lafiya, ta zaɓi fannin da mutane ƙalilan suka san da zamansa, wato koya wa wanda ciwo ya naƙasa yadda zai sake ci da hannunsa, ya sa rigarsa, ya yi wanka, ya koma sana'arsa.

Aiki da aure

A 1981 ta kama aiki a babban asibiti, a wani sashe da aka cusa can ƙarshen baranda, mai tebur biyu, da kwandon cokula, da tsofaffin riguna na koyon ɓalla maɓalli. A 1983 ta auri wani malamin lissafi, mutum mai haƙuri, wanda ya sha faɗa cikin raha cewa a gidansa ko mai zazzaɓi shi ke ɗebo wa kansa ruwa.

A 1990 aka ɗora mata alhakin tantance ɗaliban da makaranta ke turowa koyon aiki a asibiti. Ƙa'idarta guda ce: ranar jarrabawa ɗalibi zai tsaya gaban majinyaci, hannayensa a baya, ya yi masa jagora da baki kawai har sai ya kai cokali bakinsa ko ya ɓalla maɓallinsa. Wanda ya warware hannu ya faɗi. Daga nan ɗalibai suka laƙaba mata Malama Hannu-baya, suna tsoronta, amma majinyatan sashenta da hannunsu suke komawa gida.

Ɗalibin da ta kayar

A 2004 aka turo wani ɗalibi mai ladabi da fara'a, wanda abokansa ke kira Sarkin Tausayi. Ba ya makara, ba ya ƙyamar kowa, sai dai ba ya iya kallon hannu yana rawa. Ranar jarrabawarsa wani tsohon kafinta na ta fama da maɓallin farko, gumi na zuba, sai ɗalibin ya miƙa hannu ya ɓalla masa duka.

"Malama, Baba ya gaji fa, wallahi tausayinsa nake ji," in ji shi.

"Tausayin naka zai bi shi gida ne?" in ji ta. "Gobe da safe wa zai ɓalla masa?"

Ta kayar da shi, ya maimaita, ya sake warware hannu, ta sake kayar da shi. Dangin majinyata suka yi mata ca, domin a wurinsu babu yaron kirki irinsa. Shugabar makaranta ta kira ta ofis, ta ce, "Haba 'yar uwa, yaron da kowa ke sa wa albarka shi za ki hana takarda?" Kwamiti ya zauna ba tare da an gayyace ta ba, ya ba shi sakamakon cin jarrabawa, sannan a 2005 aka karɓe aikin tantancewa daga hannunta, aka damƙa mata makullin ɗakin ajiyar kekunan marasa lafiya. Abin ya ci mata rai ƙwarai. A wannan ɗaki ta samu labarin rasuwar mijinta a 2012, a cikinsa kuma ta yi ritaya a 2016.

Jinya

A 2019 ciwon mahaifinta ya same ta, ya tafi da hannunta na dama da rabin harshenta. Aka kawo ta tsohon sashenta, wanda a lokacin Sarkin Tausayi ne shugabansa. Bai riƙe ta a zuciya ba ko kaɗan, kuma da ma a ce ya riƙe. Ya ce malamarsa ba za ta wahala a gabansa ba, kullum safe shi ke ba ta abinci a baki, in ya fita ɗalibansa su ɗora yadda ya koya musu. Duk sa'ad da ta lallaɓa hannu wajen cokali, sai ya mayar mata da shi a hankali.

"Huta, Malama, kin yi naki, yanzu lokacinmu ne."

Babbar 'yarta ta taɓa cewa, "Yallaɓai, ina ga Mama so take ta gwada da kanta." Ya yi murmushi ya ce ai ba a yi wa uwa haka. Kunyar wannan karamci ta rufe bakin 'ya'yan. Ita kuwa tana kallon yatsunta suna naɗewa wata bayan wata, ta fi kowa sanin lokacin da damar farfaɗo da hannun ta wuce, hawayenta kuma aka ɗauka na godiya ne.

Rasuwa

Allah ya yi mata rasuwa a 2021, tana da shekara sittin da uku, aka yi jana'izarta aka binne ta kusa da mijinta. A zaman makoki shugaban sashen ya bayyana cewa babban abin alfaharinsa shi ne tun ranar da malamarsa ta shigo hannunsa ba ta taɓa ɗaga cokali ba, jama'a kuma suka yi ta sa masa albarka.

Ta bar 'ya'ya huɗu: babbar cikinsu malamar makaranta ce, mai bi mata injiniyan ruwa, na uku direba, auta kuwa tela. Ta kuma bar jikoki shida. Babbar cikinsu a halin yanzu tana koyon aiki a sashen kakarta, kuma shugaban ya shaide ta da cewa hannunta akwai saurin taimako.