Ba a San Wanda Ya Yi Ba

A bakin tashar mota ta Tawa, Attahiru magini yana ta hararar wata budurwa mai nannaɗaɗɗiyar takarda a hammata. Daga gani ɗalibar zanen gini ce. Tana auna kaurin wata katangar ƙasa, ta ɗora tafi ta ji sanyinta, ta duba inda inuwa ta faɗi, ta rubuta. Abin da ya ci masa shekara talatin da fatar hannu, ita a aji aka ba ta, ƙarƙashin fanka.

Sai wayarta ta yi ƙara. “Malam, na samu wata mai kyau,” in ji ta. “Aikin gargajiya ne, ba a san wanda ya yi ba.”

Taku uku ne tsakaninta da wanda ya yi.