Ranar da Lorna Ta Ce Ba Ta Iyawa

Shekara talatin da ɗaya Lorna Tollefsrud ta yi a tsaye tana dafa wa 'yan makaranta abinci a wani ƙaramin gari na jihar Minnesota. Mutanen garin nan kuwa, ko gatari ne ya faɗo wa mutum a ƙafa, in ka tambaye shi sai ya ce, "Ba laifi." Lorna ta fi kowa iya wannan hali.

Idon sawunta na hagu ya lalace, har a zaune take saukowa daga bene. Amma aikin tiyata take tsoro. Mahaifinta da ƙafa biyu ya shiga asibiti, ya fito da ɗaya, tun daga nan ko warin magani ba ta son ji.

Ranar ganin likita aka miƙa mata takardar tambayoyi. Kina iya hawa bene? Kina iya tafiyar minti goma sha biyar? Ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana zaɓen "babu wahala".

Mijinta Duane ya leƙo. "Wai labarin wa kike bayarwa? Ni dai ban auri wannan matar ba."

"Rufa min baki, tsoho."

Likitar ta duba amsoshin ta ce, "Da waɗannan muke hasashen ko aiki zai amfani mutum. Masu amsa irin taki ba su cika ƙaruwa da komai ba. Ki dawo baɗi."

Lorna ta yi ajiyar zuciya, ta tsira. Sai dai daga ƙofa zuwa mota taku arba'in ne a kan ƙanƙara, a na tara ƙafar ta ƙi. Ta rungume turken fitila, gumi na karyo mata duk da sanyin. Baɗi! Kafin baɗi tana kan keken guragu, wata na juya tukwanenta. Wannan tsoron ya danne na wuƙar likita.

"Duane, mayar da ni ciki."

Aka ba ta sabuwar takarda. Ta karanta tambayar farko, sannan ta ce a fili, "Ba na iyawa."

Shekara arba'in suna tare, Duane bai taɓa jin haka daga bakinta ba. Ya kau da kai, ya riƙe mata takardar tana cikewa.