Abin da Toka Ta Nuna wa Masawudu

Duk wanda ya taɓa ɓatar da makullin gidansa a wajen Stratford da ke Landan, da wuya bai tsaya a rumfar Masawudu ba. 'Yar rumfa ce a bayan tashar jirgi, tsakanin mai gyaran waya da wata mai kitso. Shekara ashirin da uku ke nan yana yanka makulli yana sa wa takalma dunduniya a wurin. Ba shi da yawan magana. In ka miƙa masa makulli, sai ya shafa haƙoransa da babban yatsa tukuna kafin ya ɗago ya dube ka.

Hannun nan gado ne. Mahaifinsa, Malam Zailani, maƙeri ne a zangon Kumasi, kuma gyaran bindigar toka ya fi shahara da shi. Mafarauta da manoman koko ke kawo masa aiki. Yatsu uku gare shi a hannun hagu. Sauran biyun wani bututun bindiga ne ya fashe ya tafi da su tun yana saurayi, ranar da ya yarda da rantsuwar mai bindiga bai duba da kansa ba. Tun daga ranar ya kafa wa kansa doka. Kowane bututu sai ya jiƙa shi da kananzir, ya goge tas, ya barbaɗa masa tankaɗaɗɗiyar toka, ya ƙwanƙwasa, sannan ya zauna ya jira. In akwai tsaga, komai sirantarta, kananzirin da ya ɓuya a ciki zai tsatso ya zana baƙin layi a kan tokar.

Lokacin da tsohon ya rasu, takardun zaman Masawudu suna ofishin shige da fice na Croydon, ba halin tafiya. Ta waya aka gaya masa an binne. Bai taɓa ba kowa labarin yadda ya ji ba.

Katung ne ya tono abin ba da saninsa ba. Direban bas ne, mutumin Zonkwa, mai yawan dariya, da ke kawo takalmin aiki gyara. Shi ya ja Masawudu wata Asabar zuwa wani kulob na masu harba bindigogin zamanin da a bayan gari, can wajen Essex. Harbin farko da aka yi, farin hayaƙi ya taso, ƙaurin albarushi ya bugi hancin Masawudu, sai ya nemi benci ya zauna.

"Lafiya, ɗan Kumasi? Ƙarar ce ta kaɗa ka?"

"Ba komai," in ji Masawudu. Amma a hanyar dawowa ya tambayi yadda ake samun lasin.

Shekara guda ya yi yana cike takardu. 'Yar sanda ta zo har gida ta jijjiga akwatin ƙarfen ajiye bindiga da ya ɗaure da bango. Matarsa Hamdatu ta tsaya a ƙofar kicin tana kallo har baƙuwar ta fita.

"Baban Nusrat, mutane suna tsufa suna riƙe carbi, kai kana kawo mana police cikin flat."

Bai so ya sayi gamammiyar bindiga ba. A intanet ya ga wani kamfani na ƙasar waje yana sayar da irin mai ƙanƙara, wato dutsen ƙyasta wuta, a warwatse cikin kwali, mutum ya haɗa da hannunsa. A hoto kam, sai ka rantse kayan gidan tarihi ne. Da kwalin ya iso ya buɗe a garejin da yake haya, sai ya tarar abin ba haka yake ba. Katakon ƙotar ɗanye ne, har ya ɗan karkace. Ramukan kusoshi ba su haɗu da juna ba. Ƙarfen da ƙanƙara ke sara don ya ba da wuta kuwa laushi gare shi, ko tartsatsi ɗaya ba ya fitarwa.

Katung ya ɗaga ƙotar ya juya ta. "Wannan ai itacen girki suka aiko maka. Ka yi return kawai."

"Kai dai riƙe sitiyarinka. Aikin ƙarfe ba na direba ba ne."

Wata goma sha huɗu ya yi a kanta. Ya busar da katakon, ya miƙar da shi. Ya toshe ramuka ya huda sababbi. Ƙarfen mai laushi kuwa, kofato ya karɓo wurin mahauci ya gasa su tare cikin gwangwani yadda ya ga mahaifinsa yana yi, har Hamdatu ta ce rigunansa suna ƙaurin babbakar kan rago ranar Layya. Ranar da ƙanƙara ta sari ƙarfen wuta ta tarwatse, shi kaɗai a gareji ya yi dariya da ƙarfi.

Duk Lahadi yakan kira mahaifiyarsa, Mma Awawu. Ta haura tamanin, idanunta sun tafi, ƙanwarsa Adiza ce ke riƙe mata waya. Da ya gaya mata abin da yake haɗawa, sai ta ce, "In ka gama, ka bari in ji muryar bindigar. Tun da babanka ya tafi ban ji ba."

Ya yi mata alkawari. Tun daga nan kowace Lahadi tambayarta ɗaya ce: ya gama?

A watan Oktoba Adiza ta kira shi ranar da ba Lahadi ba. Mma ta daina cin abinci, likita ya ce a mai da ita gida a kula da ita. Nan take Masawudu ya kira kulob ya kama wuri ranar Asabar. Bututun ya zo da takarda mai hatimi cewa an gwada shi a masana'anta, kuma dattijon da ke kula da tsaro a kulob ya riga ya duba takardar ya ce ba laifi. Babu abin da ya rage.

Ranar Alhamis da la'asar ya rufe rumfa da wuri. Shi kansa bai san abin da ya sa ya juye tokar kaskon turaren Hamdatu a takarda ya tafi da ita gareji ba. Ya jiƙa, ya goge, ya barbaɗa, ya ƙwanƙwasa. Ya zauna a kan bokiti.

Layin ya fito a hankali, can gindin bututun, dab da 'yar kafar da wuta ke shiga. Tsawonsa bai wuce farce ba. Ya goge ya sake. Ya kuma fitowa. Sau uku. Da ya share tokar, ƙarfen ya koma sumul yana sheƙi, babu mai iya ganin komai.

Ya aika wa kamfanin hoto. Washegari suka amsa cewa ƙarzuwa ce kawai, kayansu gwadaddu ne, in kuma yana son wani bututun sai ya jira wata biyar.

Wata biyar. Ya yi ta juya abin a ransa yana yanka makullan mutane, har ya lalata guda biyu. Harbi ɗaya ne fa. Zai rage albarushi. Wataƙila ma da gaske ƙarzuwa ce. Su da injina, shi da tokar turare.

Hamdatu ta ga kaskonta wayam, ta ga hannun rigarsa. Ita ma 'yar zango ce, ta san hannun surukinta.

"Ya nuna layi?"

Ya shiga kakkaɓe tokar daga hannun rigar.

"Masawudu." Rabon da ta kira sunansa gatsau haka har ya manta. "Ni ban iya yanka makulli ba fa."

Duk da haka ranar Asabar ya saka bindigar a jaka, Katung ya zo ya ɗauke shi. Ana yayyafi. Katung bai san komai ba, sai zolaya yake, wai yau za a ga ko itacen girki yana tari. A wurin harbi Adiza ta ɗaga waya, ta ce Mma tana farke, an jingina ta da filo. Katung ya karɓi wayar ya tsaya a damansa, ya miƙo hannu yadda tsohuwa za ta ji sosai.

Masawudu ya auna albarushi. Ya dubi hannun Katung da zoben aurensa, daidai gefen da layin yake. Ya dubi nasa hannun na hagu a kan ƙarfen. Ya daɗe a haka, har dattijon tsaro ya tambaye shi ko lafiya. Sai ya mayar da albarushin cikin gwangwaninsa, ya rufe, ya karɓi wayar.

"Mma, ni ne. Ba zan harba ba. Toka ta nuna layi."

Babu abin da yake ji sai fanka tana juyawa a wani ɗaki a Kumasi. Can ta yi magana, muryar ƙasa-ƙasa.

"Yatsunka nawa?"

"Goma, Mma."

"To." Ta numfasa. "Sa ƙanƙara ya sara in ji."

Ya nemi izinin dattijon, ya nuna masa babu komai a cikin bindigar. Ya ɗana, ya kara wayar, ya ja kunama. Ƙyas. Ya sake. Ƙyas.

"Bakin dutsen ya dakushe," in ji Mma Awawu. "Babanka ba ya barin shi haka." Daga nan Adiza ta ce Mma ta gaji, za a kwantar da ita.

A mota Katung bai kunna rediyo ba. Sai da suka kusa Stratford ya ce, "Da ka san da tsagar, ka bar ni na tsaya a wurin?"

"Na bar ka," in ji Masawudu. "Ka yafe mini."

Katung bai ce ya yafe ba, bai ce bai yafe ba. Ya yi mako shida bai kawo takalmi ba.

Mma Awawu ta rasu kwana goma sha ɗaya bayan wannan Asabar. Wannan karon Masawudu ya je, da shi aka ɗauki makara. Da ya dawo ya kwance bututun ya miƙa wa 'yan sanda su lalata. Sabon da kamfanin ya ce zai aiko har yau bai iso ba, shi ma ya daina tambaya. Ƙotar tana nan cikin akwatin ƙarfe. Hamdatu ta ce wani lokaci in ya dawo daga Asuba takan ji ya buɗe akwatin, ta ji ƙyas sau ɗaya, sannan ya kulle ya tafi rumfa. Ya gyara bakin dutsen.