Alvise Mai Jera Haruffa

Shekara arba'in da ɗaya Alvise yana hawa jirgin ruwan safe daga Lido, a gaɓar birnin Venis, zuwa tsibirinmu. In hazo ya kwanta kan ruwa, tarinsa kake fara ji kafin ka ga hularsa. Shi ke jera haruffan dalma a maɗaba'ar sufayen Kirista 'yan Armeniya, ni kuma ina madafa.

Ɗan masunta ne, haifaffen Venis, ko gaisuwa bai iya da Armeniyanci ba. Amma yatsunsa sun san kowane harafi, har ya raɗa musu sunaye: ƙugiya, agwagwa, tsohuwa mai sanda. Fada Hmayak, mai duba masa kuskure, kullum suna cikin zolayar juna.

"Alvise, ka kifar min da agwagwa a tsakiyar addu'a."

"Barci take, Fada. Ai ku ma a nan kuke yin naku."

Da idonsa ya fara dushewa, da kansa ya ce ya isa haka. A makonsa na ƙarshe ya jera shafi guda ba tare da kallon littafin kowa ba, harafin da ya yi masa kyau shi yake ɗauka. Ya buga, ya kawo lambu, inda muke tsinkar furen wardin da ake dafawa da sukari.

"Fada, karanta min abin da na ce."

Fada Hmayak ya gyara tabarau. Babu ma'ana a ciki, amma ya rera shi a hankali kamar Zabura. Muka ajiye kwanduna. Ruwan teku na lasar katanga, ƙamshi ya cika ko'ina, ni dai sai na ji kamar tsibirin ya kwance yana tafiya da mu. Can Fada ya tsaya, ya ɗora yatsa a kan takardar.

"Nan ka rubuta teku. Wa ya koya maka, ɗana?"

"Ba kowa. Gani na yi haruffan nan uku sun dace da juna."

Fada ya roƙe shi takardar, Alvise ya hana. Ya ninke ta ya sa a aljihu, ya karɓi kwalbar wardin da na ba shi, ya hau jirgin yamma.

Ya ƙara shekara bakwai a duniya, a gidan 'yarsa Marisa. Ta ce in gari ya waye tas, yakan sa ta juya masa kujera wajen tsibirin, ya tambaya ko ana hango hasumiyar cocin sufayen.