Kumfar Bara

Duk wanda ya san Nicolasa Pertuz ya san ba ta iya zama ba, sai ka ce ta ci ƙafar kare. Ta shiga ɗaki, ta fito tsakar gida, ta leƙa titi, ta koma. Shekara ashirin da bakwai tana sayar da kumfar gwangwani, wadda jama'a ke fesa wa juna a bikin shekara-shekara na Karnabal a garinsu Barranquilla, kuma a kusurwa ɗaya tilo take kafa teburinta. Sauran watanni wainar masara mai ƙwai take soyawa.

Bana rashin zaman ya fi na kullum, don 'yarta Yuranis ta kafa mata sharaɗi. Gwiwar Nicolasa ta fara gardama, ga ta ita kaɗai a gida. Yuranis ta ce in cinikin bikin bana bai riƙe ta ba, ta tattara ta koma wajenta a birnin Bogotá. Bogotá fa! Nicolasa ta tsani sanyin garin, kuma tana tsoron ɗakin Yuranis da ke hawa na tara, inda ba mai kiran sunanta daga waje.

Tun bara ta yi dabara. Washegarin biki ta kwashi ragowar kumfa da araha, katan-katan, ta jibge a kan simintin ɗakin baya. Damina ta turo ruwan titi ta ƙarƙashin ƙofa, iskar teku ta ƙarasa aikin. Da ta buɗe a Janairu, gindin kowane gwangwani ya yi zoben tsatsa. To wa zai sayi abu mai tsatsa? Sai ta yi musu abin da uwarta ta koya mata a kan tukunya: lemun tsami, gishiri da soson ƙarfe. Kwana uku tana dirza, suka fito fes suna ƙyalli.

Maƙwabcinta Temístocles, mai gyaran jikin mota, ya leƙo ta kan katanga ya gani.

"Maƙwabciya, gishiri kike ba tsatsa? Ai abincinta ke nan. Wannan ba tukunya ba ce, fatarsa kamar ta albasa, ga iska maƙare a ciki."

"Tsoho, je ka ji da ruɓaɓɓun motocinka. Na girme ka a wanke-wanke."

Ta faɗa dai, amma maganar ta tsaya mata a rai. Sau goma a wuni take shiga ɗakin, ta ɗauki ɗaya ta girgiza, ta kara a kunne. Ruwan na nan yana motsi, sai hankalinta ya kwanta na ɗan lokaci. Wani sa'in takan ji wani siririn huci, ta ce kunnenta ne. Mako guda tsatsar ta dawo, ta fi ta da duhu, ita kuma ta ƙara gishiri ta sake dirzawa. Garin neman gira ake rasa ido, amma wa ya isa ya gaya wa Nicolasa?

Ranar Asabar ɗin biki Temístocles ya kai mata kayan a motarsa. Yuranis, wadda ta iso jiya, ta tsaya gefe. Ganguna sun fara, titi ya cika maƙil. Wata mata mai farar riga ta sayi na farko, ta girgiza, ta auna ƙeyar mijinta, ta danna. Gwangwanin ya yi ɗan tsaki, ya ɗigo mata jan ruwa a hannu. Nicolasa ta yi maza ta canza mata, na biyun ko tsakin bai yi ba. Ta farke katan na gaba, da na bayansa, tana dannawa tana jefarwa. Ruwan na ciki, iskar ce ta daɗe da sulalewa ta ƙananan hujojin da ita da kanta ta taya tsatsa buɗewa.

Matar ta karɓi kuɗinta ta tsallaka wajen mai teburin gaba.

Nicolasa ta zauna a kan katan. Ba wanda ya taɓa ganin ta zaune a wannan kusurwa. Ta daɗe tana kallon jama'a suna wucewa fari fat da kumfar wasu. Can ta ɗago.

"Yuranis, ɗakin nan naku, tagarsa tana kallon titi?"