Tukwicin Madugu

Ƙarfe huɗu da minti ashirin na yamma ne, ranar wata Laraba cikin damina, saura mako uku mu rubuta jarrabawar gama firamare. Na riƙe lokacin daidai domin a shekarar nan ina ɗaure da wani jan agogon roba da kawuna ya sayo mini a kasuwar Hanoukopé, kuma ba na fara komai sai na dube shi. An idar da sallar la'asar, ruwan da aka yi da hantsi bai gama tsanewa a lungunmu na unguwar Zongo da ke Lome ba, 'yan zemijan suna ta kauce wa kududdufai da baburansu. Kakana, wanda duk gidan muke kira Baba Tsoho, yana zaune kan buzunsa a ƙofar gida tare da abokansa uku, takobin gidanmu kwance a cinyarsa yana goge shi da tsumma. Na ajiye tiren shayin da aka aiko ni da shi. Maimakon in tashi in koma ciki kamar kullum, sai na gyara durƙuso na ce, "Baba, bindigogin nan da Madugu ya kai wa sarkin Larabawa, su wa aka harba da su?"

Shekarata goma sha ɗaya a lokacin, kuma ni ba yarinya ce mai magana ba. Gidanmu babba ne, ɗaki tara kewaye da tsakar gida ɗaya, da bishiyar mangwaro da rijiyar da aka daina shan ruwanta. Da asuba mu 'yan mata mukan yi layi a famfon bakin masallaci da bokitai, mu dawo mu share tsakar gida, ni kuma in tsaya kusa da Inna ina ƙulla ƙosai a takarda ga masu zuwa sayen koko. Da yamma sa'o'ina sukan cika lungu da tafi da tsalle suna wasan ampe, wasu suna carafke a gindin mangwaro. Ni ba na iya ko ɗaya. Ƙafata takan saɓa, duwatsun su zube, a yi mini dariya, in sulale in tafi ɗakin Baba Tsoho. Can ne kawai ba na jin kunya. Ɗakin yana ƙanshin turare da tsofaffin takardu, kuma shi ya koya mini karatun ajami tun kafin in iya haɗa baƙaƙen Faransanci. Bai taɓa kirana da sunana ba. Kamar yadda kakanni suke wasa da jikoki, "Amarya" yake ce mini. Idan na shigo sai ya ce amarya ta zo ba ta kawo wa mijinta ko ruwa ba, ni kuma, da ba na iya ɗaga ido in dubi kowa, sai in ce masa ai mijin da ba shi da haƙori ba ya cin girkina. Ya yi ta dariya har tari ya sarƙe shi.

Takobin yana zaune ne a ƙarƙashin gadonsa, naɗe cikin wani tsohon bargo. Duk lokacin da damina ta kankama yakan fito da shi saboda tsatsa, domin iskar teku ba ta barin ƙarfe lafiya a Lome. Aikina ne in riƙe kuben fatar yayin da yake shafa wa ruwan takobin mai. A nan yake ba da labarin, kuma na ji shi har na haddace. Kakansa, Madugu Isa, bafatake ne daga ƙasar Hausa, ya san hanyar gabas kuma yana jin Larabci. A zamanin da Turawan Faransa suke neman hanyar shiga ƙasashen da ke bayan tafkin Chadi, sai suka ɗauke shi ya kai gaisuwarsu ga wani sarkin Larabawa da ke can. Kayan da ya ɗauka sun haɗa da akwatunan bindigogi da albarushi, da alkyabbu, da sukari, da agogon bango mai kiɗa, da wani madubi mai tsayin mutum. Baba Tsoho ya fi son wurin madubin. Yakan nuna da hannu yadda aka naɗe shi cikin auduga aka ɗora wa raƙumi mafi haƙuri, aka yi kwana arba'in ana tafiya bai ko tsage ba, da yadda sarkin ya ga kansa tun daga rawani har takalmi ya ja da baya. Sarkin ya ji daɗi, da Madugu zai dawo ya ba shi wannan takobi tukwici. "Ɗan aike ba ya komawa hannu wofi," in ji Baba Tsoho, nan yake rufe labarin. Wannan kuwa na gane shi sarai, domin ko ni idan na kai wa maƙwabta kwanon tuwo da azumi, da alewa nake dawowa.

A safiyar wannan Larabar ne na karanta labarin a aji. Malaminmu, wanda muke kira Mushe, ya ce kowa ya rubuto wani abu na tarihin gidansu. Na yi kwana uku ina rubuta shafi biyu da Faransanci, na ja layi da rula, ban goge ko kalma ɗaya ba. Na tsaya gaban allo na karanta har ƙarshe. Mushe ya yaba, ya ɗaga littafina ya nuna wa aji tsabtar rubutun. Daga nan ya yi mana ƙarin bayani, ba da nufin ya ɓata mini rai ba, aikinsa yake yi. Ya ce Turawa sun yi irin wannan kyauta ga sarakuna da yawa don a buɗe musu hanya ko a sa musu hannu a takarda, kuma sau da yawa sarkin da ya sami bindiga yakan juya ta ne kan ƙananan garuruwan da ke kewaye da shi, waɗanda ba su da komai sai kibiya, ya ƙone su ya kwashe mutanensu. Wata yarinya da muke benci ɗaya ta raɗa mini cewa ashe kakana dillalin bindiga ne. Abin da ya dame ni shi ne na ga rubutuna yana da giɓi. Na san adadin kwanakin tafiya, na san raƙumin da ya ɗauki madubi, amma ban san abin da aka yi da kayan da suka fi nauyi ba. Ranar Laraba ba ma komawa makaranta da rana, don haka na wuni da tambayar a ciki, ina wanke-wanke ina juya ta, har aka miƙo mini tiren shayi.

Akwai abin da kowa ya sani a Zongo, ni kaɗai ban sani ba, domin ba a rubuta shi a littafi ba. A unguwarmu ba a tonon asali. Bahaushe da Bazabarme da Bakotokole da Bayarabe suna sahu ɗaya a masallaci, kowa kakansa daga wani wuri ya zo, wani da dukiya, wani da gudu, wani kuma ba da son ransa ba. Tsofaffi sukan ce, "A Zongo baƙo ake yi wa sannu da hanya, ba a tambayarsa abin da ya baro." Mutum ya ba da labarin gidansu iya inda ya ga dama, mai sauraro ya ce madalla. Ni kuwa na zo gaban manyan mutane uku na sa yatsa daidai inda labarin ya tsaya.

Alhaji Mumuni mahauci, aminin Baba Tsoho tun suna samari, ya yi ƙoƙarin mayar da abin wasa, ya ce yau amarya ta kai ango gaban alƙali, amma ba wanda ya taya shi dariya. Baba Tsoho ya ci gaba da goge takobin har ya kai tsini. Ya miƙa hannu ya ɗauki kuben da kansa, ya mayar da shi. Sannan, ba tare da ya dube ni ba, ya ce, "Habiba, shiga gida."

Ban taɓa jin sunana a bakinsa ba sai ranar. Inna da ta ji labari ta ja kunnena a bayan madafa tana tambayata wa ya aike ni, amma ba ta doke ni ba, kuma na so a ce ta doke ni a wuce wurin. Washegari na je gaishe shi, ya amsa da kyau, ya tambayi karatu, ya sa mini albarka. Haka ya yi jibi, haka ya yi gata. Bai ɗaga mini murya ba, bai hana ni shiga ɗakinsa ba. Wasan ne kawai ya mutu. Takobin bai sake fitowa ba, damina ta ƙare yana cikin bargo. Da safen jarrabawa ya ba ni sabon biro ya tofa masa addu'a, da sakamako ya fito na zo ta ɗaya a ajinmu ya ce Allah ya ƙara basira, Habiba. Sau uku na rubuta masa takardar ban haƙuri da ajamin da ya koya mini, sau uku ina kaiwa bakin labulensa in juyo da ita a cikin zanena. A hankali na rage shiga, na koma yin karatuna a gindin mangwaro, ina ganin ta haka zan rage masa ɓacin ran ganina. Bayan babbar Sallah da 'yan makonni, ina aji ɗaya a sakandare, aka zo aka kira ni daga aji da hantsi. Kafin in isa gida an riga an shimfiɗa tabarmin zaman makokinsa a lungu.

Yanzu shekaru goma sha sun wuce, ina karatun tarihi a jami'a, kuma na san ba don komai na zaɓe shi ba sai don wannan giɓin. Na karanta rahotannin Turawan wancan zamani masu yawa. Suna lissafa bindigogi da madubai da yadudduka dalla-dalla, amma ban taɓa cin karo da sunan wanda ya ɗauki kayan ba, balle sunan garin da aka gwada su a kai. Ƙofar gidanmu inda tsofaffi suke zama ta zama shagon gyaran waya. An sare mangwaron an yi ɗakin haya. Yaran gidan suna da hotunan duniya duka a tafin hannunsu, amma ba wanda ya san akwai takobi a cikin akwatin kawu, kuma ba wanda ya rage da zai ba da labarin madubi yana nunawa da hannu. A da ina da mai labari ban iya yin shiru ba, yanzu na iya shirun ba mai labarin.

A watan da ya wuce ne na hau zemijan zuwa unguwar Bè in duba Kaka Azumi, ƙanwar Baba Tsoho, wadda ita kaɗai ta rage a cikinsu. Ƙafafunta sun kumbura, ba ta fita. Na kai mata kunu, na zauna a ƙasa ina yanke mata farce, kaina a sunkuye. Wataƙila don ba sai na dubi idonta ba ne na iya maimaita tambayar da na yi ina da shekara goma sha ɗaya. Ta ce har yanzu ina nan da tambaya kamar jandarman bakin iyaka. Sai da na gama hannu ɗaya, sannan ta fara ba ni labarin.

Ta ce Madugu Isa bai taɓa haihuwa ba. Da ya kai kayan, damina ta tare shi a garin sarkin, kuma kafin hanya ta buɗe an riga an fita da bindigogin an dawo. Ranar da zai tafi, sarkin ya ba shi takobi, ya kuma sa aka kawo masa wani yaro ɗan shekara shida daga cikin waɗanda aka kwaso, mai zane a goshi irin wanda ba na Hausawa ba, ba ya jin yaren kowa a wurin. Tukwicin sarki ba a mayar da shi. Madugu ya goya yaron a bayansa, ya 'yanta shi, ya raɗa masa suna Audu, ya ce wa kowa ɗansa ne. Bai sake karɓar aiken Bature ba. Ya bi hanyar goro ya yi ta yin kudu har teku ta tare shi. Wannan Audun shi ne mahaifinsu, ita da Baba Tsoho. Ta ce har ya tsufa bai tuna sunan garinsu ba, bai tuna sunan uwarsa ba, hayaƙi kawai yake tunawa da wata akuya da yake riƙe da igiyarta. Sai da ya kwanta ciwon ajali ya faɗa wa su biyun.

Na ajiye abin yankan farcen. Na ce mata to ashe da fushina Baba Tsoho ya tafi kabari, tunda gyambonsa na taka a gaban mutane.

Ta ɗago haɓata da hannun da na gama yanke wa farce, ta ce, "Wane fushi, 'yar nan? Kunyarki ya ji. Nan ya zo ya zauna inda kike zaune, ya ce mini, 'Azumi, shekara hamsin ina ba da labarin nan, ba wanda ya taɓa tambayar mutanen garin ubanmu sai yarinyar nan. Ƙarya ba zan iya yi mata ba, gaskiyar kuma ta fi ƙarfin bakina.' Jira yake ki ƙara girma ya faɗa miki da kansa. Kwanakin ne ba a ba shi ba."